Da wane kundin Stephen King ya kamata a fara: Night Shift, Skeleton Crew ko Full Dark, No Stars?

Mafi yawan waɗanda suka san sunan Stephen King a nan Katsina ta hanyar finafinai suka san shi, ko kuma ta manyan littattafansa masu kauri waɗanda mutum zai yi wata guda yana fama da su. Sai dai da yawa daga cikin masu karanta shi da gaske suna ganin gwanintarsa ta fi fitowa a gajerun labarai, inda ba shi da filin yin doguwar shimfiɗa, dole ya kama mai karatu tun daga shafin farko, ya sake shi bayan shafi ashirin gabansa na dukan uku-uku. Ina cikin masu wannan ra'ayi. Marubucin, wanda aka haifa a 1947 a jihar Maine ta Amurka, ya fitar da kundin gajeru da matsakaitan labarai fiye da goma tsakanin 1978 da 2024, kuma ɗalibi ko ma'aikacin da kuɗin littafi ɗaya kaɗai ke hannunsa, wanda Ingilishi ba harshen uwarsa ba ne, yana bukatar sanin inda zai sa kuɗin nan. Uku ne daga cikin kundayen na ga sun cancanci a auna su da juna, wato Night Shift na 1978, da Skeleton Crew na 1985, da Full Dark, No Stars na 2010, domin kowannensu da irin tsoron da yake sayarwa, kuma mai saye na iya yin da-na-sani idan ya ɗauki wanda bai dace da shi ba.

Night Shift shi ne na fari, labarai 20 ne a cikinsa, kuma King yana da shekara 30 lokacin da ya fito. An rubuta yawancinsu ne kafin ya yi suna da littafinsa Carrie a 1974, wasu ma tun yana ɗalibi a Jami'ar Maine, wasu kuma a lokacin da yake koyar da Ingilishi a makarantar sakandare, yana zaune da matarsa da ƙananan yara cikin ƙuncin rayuwa, yana sayar wa mujallu irin su Cavalier labari ɗaya-ɗaya don a samu na cefane da na magani. Wannan talaucin yana nan a jikin labaran, kuma shi ne abin da ya fi ja na zuwa gare su. Mutanen da ke cikinsu leburori ne, da direbobi, da malaman makaranta, da masu aikin dare. King ya taɓa aiki a masaƙa, sai ya rubuta "Graveyard Shift", inda aka tura ma'aikata su share ƙarƙashin wata tsohuwar masaƙa da ɓeraye suka daɗe suna hayayyafa a cikinta ba mai taɓa su, ga kuma shugaban aiki azzalumi da ke tura su gaba ko da sun ga abin da ya fi ƙarfinsu. Ya taɓa aiki a babban gidan wanki, sai ya rubuta "The Mangler", labarin injin guga da ya ɗanɗani jinin mutum ya kuma nemi ƙari. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin niƙa yana kallon yadda bel ɗinsa ke juyawa, yana tattare hannun rigarsa, ya riga ya san rabin abin da labarin ke nufi.

Ta fuskar tsari, labaran Night Shift ne suka fi kusa da tatsuniyoyin da muka tashi muna ji da dare. Akwai dodo, akwai wanda aka gargaɗa bai ji ba, akwai kuma ƙarshe mai zuwa da sauri ba tare da dogon bayani ba. A "The Boogeyman", wani uba ne ya kwanta gaban likitan ƙwaƙwalwa yana ba da labarin yadda 'ya'yansa uku suka mutu ɗaya bayan ɗaya, kowanne bayan ya yi ta kukan cewa akwai wani abu a cikin kabad ɗin kaya. Abin da ya sa labarin ya wuce tatsuniya shi ne, tun kafin a kai ga dodon, mai karatu ya fara gane cewa uban nan mutum ne mai taurin kai da son kansa, wanda ya ƙi sauraron yaransa don kada a ce ya shagwaɓa su. A "Children of the Corn", miji da mata ne masu yawan faɗa da juna suka ratsa wani ƙauye a jihar Nebraska, suka tarar yara sun kashe duk manyan garin suna bauta wa wani abu da ke yawo a cikin gonakin masara. "Quitters, Inc." kuwa babu aljani ko ɗaya a cikinsa, wani kamfani ne da ke raba mutane da shan taba ta hanyar azabtar da iyalinsu duk ranar da suka kuskura suka kunna kara ɗaya.

Daga cikin labaran kundin da ba su da alaƙa da dodo, akwai guda biyu da a ganina su ne suka nuna abin da marubucin zai zama daga baya. "The Last Rung on the Ladder" yana magana ne a kan wani yaro da ƙanwarsa da suke hawa tsohon tsani a ɗakin ajiye ciyawa suna dirowa kan tarin ciyawar. Ranar da tsanin ya karye, yarinyar ta rage tana lilo a sama, yayan ya yi ta gudu yana tara mata ciyawa a ƙasa, da ya ce ta saki sai ta saki ba tare da ta ko duba ƙasa ba, saboda ta yarda da shi. Sauran labarin yana kan abin da ya faru bayan sun girma, aiki da nisan gari suka raba su, wasiƙarta ta yi ta bin tsofaffin adireshinsa har ta iso shi a makare. Duk wanda ke da ƙanwa a wani gari da ya daɗe yana cewa gobe zai kira ta, labarin nan zai zauna masa a ƙirji. Na biyun shi ne "The Woman in the Room", a kan ɗa da ke jinyar mahaifiyarsa mai ciwon daji, kuma mahaifiyar King kanta ciwon daji ne ya yi ajalinta a ƙarshen 1973. Shawarar da ɗan ya yanke a ƙarshe ta saɓa wa addininmu ƙarara, kuma ya kamata mai karatu ya san da haka, amma yadda aka zana zaman asibiti da gajiyar mai jinya gaskiya ne tsagwaronta.

Night Shift yana da rauni, kuma ba zan ɓoye shi ba. Wasu labaran dabara ɗaya ce tak a cikinsu, da zarar ka gano ta shi ke nan, ba abin da zai sa ka koma. "The Lawnmower Man" na cikin waɗannan. Sannan labarin da aka buɗe kundin da shi, "Jerusalem's Lot", an rubuta shi ne a matsayin wasiƙun mutanen 1850, da tsohon Ingilishi mai nauyi da gangan, kuma yana iya sa sabon mai karatu ya ajiye littafin tun bai shiga ba. Wanda ya saya ya tsallake shi ya fara da na biyu, ya dawo masa daga baya.

Skeleton Crew ya fi girma, ya haura shafi 500 a bugunsa na farko, da rubuce-rubuce 22 har da waƙoƙi biyu, kuma a nan hannun marubucin ya riga ya faɗa. Abin da ya sa mutane da yawa ke sayensa shi ne dogon labarin da ya buɗe shi, "The Mist", wanda ya fara fitowa a 1980 kuma shi kaɗai ya ci fiye da shafi ɗari. Bayan wata guguwa da ta yi ɓarna da dare, David Drayton ya ɗauki ƙaramin ɗansa suka tafi babban kantin garin sayen kaya, suna ciki sai wani farin hazo ya sauko ya rufe garin, duk wanda ya fita cikinsa kuma ihunsa kawai ake ji. Mu da muka san safiyar hunturu a Katsina, lokacin da hazo kan sauko har hasumiyar Gobarau ta ɓace wa mai tsaye nesa kaɗan da ita, masu babura na tafe da fitila a kunne da rana, ba ma bukatar a yi mana dogon bayanin yadda gari da ka sani ke komawa baƙo idan ido ya daina ganin gaba. Amma halittun da ke cikin hazon ba su ne ƙashin bayan labarin ba. Abin da King ya sa wa ido shi ne mutanen da ke kulle a cikin kantin, maƙwabta da suka san juna shekara da shekaru, yadda cikin kwana biyu kacal suka rarrabu. Wasu suka ce ƙarya ne babu komai a waje, suka fita. Wasu suka koma shan giya. Wata mata mai suna Mrs. Carmody, wadda da farko kowa ke ɗaukarta mai taɓin hankali, ta yi ta wa'azin cewa azaba ce ta sauko kuma sai an zubar da jini za ta yaye, tun ana yi mata dariya har mabiyanta suka fi kowa yawa. Wanda ya taɓa ganin yadda jita-jita ke tayar da unguwa a lokacin fargaba zai gane mutanen kantin nan ɗaya bayan ɗaya. An yi fim ɗinsa a 2007, wanda Frank Darabont ya shirya, amma ƙarshen fim ɗin daban yake da na littafin, saboda haka wanda ya kalla bai gama da labarin ba.

Bayan "The Mist", kundin ya bazu ta kowace fuska, kuma wannan faɗin shi ne babban abin da ya fi Night Shift da shi. "The Jaunt" labarin zamani mai zuwa ne, inda ake tura mutum daga duniya zuwa duniyar Mars cikin ƙiftawar ido, da sharaɗin a sa shi barci tukuna, kuma uba ne ke ba 'ya'yansa tarihin na'urar suna zaune suna jiran layi, yana sassauta musu abin da ya sami waɗanda aka tura idonsu biyu. Shafinsa na ƙarshe yana cikin mafi firgitarwa da King ya taɓa rubutawa, alhali babu dodo ko fatalwa a ciki. "Gramma" yaro ne ɗan shekara 11 da aka bari shi kaɗai a gida da kakarsa makauniya da ke kwance, wadda dangi ke raɗe-raɗin ta taɓa harkar tsafi. "Survivor Type" likitan tiyata ne da jirgin ruwa ya nutse da shi ya tsira a wani tsibiri da babu abinci, kuma abin da ya yi don ya rayu ba na mai raunin zuciya ba ne, har ma ina ba da shawarar kada a karanta shi kusa da lokacin cin abinci. A can ƙarshen kundin kuma sai ga "The Reach", wanda ba ya kama da ko ɗaya daga cikinsu: tsohuwa ce mai shekara 95, Stella Flanders, da ba ta taɓa barin tsibirin da aka haife ta ba, sai a lokacin sanyin da ruwan da ya raba su da babban yanki ya daskare, ta fara ganin mijinta da ya daɗe da rasuwa yana kiranta ta tsallaka. Labari ne na tsufa da zumunci da shirin mutuwa, an rubuta shi da tausayi.

Matsalar Skeleton Crew ga mai karatu a nan biyu ce. Ta farko, King ya saki jiki da karin harshen mutanen karkarar Maine a wasu labaran, musamman "Mrs. Todd's Shortcut", inda wani dattijo ke ba da labarin da bakinsa, ana rubuta kalmomi yadda yake furta su, ƙamus kuma ba zai taimaka sosai ba. Ta biyu, akwai ciko: labarai biyu a kan wani mai raba madara gida-gida da waƙoƙin nan biyu ba su kai sauran ba. Duk da haka akwai wata riba da Night Shift ba shi da irinta, wato bayanan da marubucin ya sa a ƙarshe yana faɗin yadda wasu labaran suka zo masa, kuma ga matasanmu masu sha'awar rubutu, ko da Hausa suke yi, waɗannan shafukan darasi ne.

Full Dark, No Stars wani abu ne daban. King yana da shekara 63 lokacin da ya fito, shekara goma sha ɗaya bayan motar da ta buge shi a 1999 ta kusa kashe shi, kuma dogayen labarai huɗu ne kacal a bugun farko. A nan dodon ya koma cikin zuciyar mutum. Na farkon, "1922", shi ne ya fi kusa da rayuwarmu a duk abin da na karanta na King, domin rigimar gonar gado ce. Wilfred James manomi ne a Nebraska mai eka 80, matarsa Arlette ta gaji eka 100 daga mahaifinta, tana so ta sayar wa wani kamfani su koma birni, shi kuma yana ganin rabuwa da ƙasa daidai yake da mutuwa. Da lallashi ya ƙi ci, sai ya yi ta hure wa ɗansu mai shekara 14 kunne har yaron ya taya shi kashe uwarsa, suka jefa ta tsohuwar rijiya. Ba na ɓata wa kowa labari da faɗin haka, domin tun a shafin farko Wilfred ya faɗa da bakinsa, yana rubuta iƙirarinsa a ɗakin otal a birnin Omaha a 1930. Sauran shafukan duka bayanin yadda alhaki ya bi shi ne, kamar yadda Bahaushe ya ce kwikwiyo ne: yaron ya lalace, gonar da aka yi kisan dominta ta zama kaya, ɓerayen rijiyar kuma suka ƙi barinsa, har mai karatu ya kasa tantancewa ko da gaske suna nan ko a cikin kansa suke. Wanda ya taɓa zama a kotun shari'a ranar da ake rabon gado, ya ga 'yan uwa ciki ɗaya ba sa ga-maciji a kan gona, ba zai ɗauki labarin a matsayin na wata ƙasa mai nisa ba.

"A Good Marriage" yana tambaya ne ko mace za ta iya zama da miji shekara 27 ba ta san ko shi wane ne ba. Darcy ta shiga gareji neman batir, ta ci karo da wani ɗan akwati da mijinta, akanta mai sanyin hali da son tara tsofaffin sulalla, ya ɓoye, a ciki kuma akwai katunan shaidar wata mata da aka kashe. King ya bayyana cewa abin da ya tayar masa da labarin shi ne shari'ar Dennis Rader, wanda aka kama a jihar Kansas a 2005 bayan ya kashe mutane goma, matarsa kuma ta ce ba ta taɓa sanin komai ba. "Fair Extension", mafi gajarta a cikin huɗun, labarin hassada ne: wani mai ciwon daji ya ƙulla ciniki da wani baƙon ɗan kasuwa a bakin hanya, a ɗauke masa cutarsa a ɗora masifa kan babban amininsa, wanda ya daɗe yana ƙyashin arzikinsa a ɓoye. Mu mun saba cewa hassada ga mai rabo taki ce, kuma mai karatu zai yi ta jiran ranar da ramin muguntar zai rufta da mai gina shi. King bai ba da wannan sauƙin ba, kuma shi ya sa labarin ke damun mutum kwana da kwanaki. "Big Driver" kuwa a kan fyaɗe ne da ɗaukar fansa, an kuma bayyana abin da ya faru ba tare da sakayawa ba, don haka wadda ko wanda irin wannan ya taɓa shafa yana da cikakken dalilin tsallake shi.

Ingilishin Full Dark, No Stars ya fi na sauran biyun sauƙi da tsabta, amma nauyinsa a zuciya ya fi nasu nesa ba kusa ba, kuma tsawon labaran na nufin ba za a gama ɗaya a zama guda ba. Wannan batu na lokaci yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Mai karatu da dare bayan sallar isha'i, da fitilar waya idan an ɗauke wuta, ko ɗalibar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke da rabin awa tsakanin lacca da lacca, labarin shafi goma sha biyar ne zai yi musu, kuma a nan Night Shift ba shi da abokin takara.

Akwai abin da ya haɗa kundayen uku wanda iyaye da malamai ya kamata su sani. Dukansu akwai ashar, da shan giya, da zubar da jini, da wuraren da suka taɓo jima'i, kuma ba littattafan da za a miƙa wa ɗan ƙaramar sakandare ba ne. Abubuwan gaibu da ke cikinsu ƙirƙira ce ta marubuci da ya tashi cikin al'adar Kiristocin Amurka, a haka ya kamata a karanta su.

Idan ƙanina ya zo ya ce, "Yaya, wanne zan saya?", tambayar da zan fara yi masa ita ce ko ya taɓa gama littafin Ingilishi da ba na makaranta ba. Idan bai taɓa ba, Night Shift zan ce ya ɗauka, domin gajartar labaran za ta ba shi daɗin kammalawa tun daren farko, kuma ko da uku sun gundure shi akwai sha bakwai a gaba. Idan ya saba da karatu kuma littafi ɗaya kaɗai zai iya saye a bana, Skeleton Crew ne zaɓina ba tare da jinkiri ba, domin a cikinsa ne kaɗai za a sami dodon tatsuniya, da nazarin halin jama'a, da labarin da zai sa mutum hawaye, duk a bango ɗaya, kuma "The Mist" shi kaɗai ya biya kuɗin. Full Dark, No Stars na ajiye wa wanda ya yi aure, ko ya ga rabon gado, ko ya binne wani nasa, domin ɗan shekara 18 zai karanta shi ya ga labarin kisa kawai. Wanda kuma ya ce shi ba ya son tsoro sam amma yana so ya ɗanɗana rubutun mutumin, sai ya nemi Different Seasons na 1982, inda labaran da aka yi finafinan Stand by Me na 1986 da The Shawshank Redemption na 1994 daga gare su suke.

Yawancin kwafin da ke isowa hannunmu na hannu ne, ko dai daga masu shimfiɗa tsofaffin littattafai ko kuma a yi saƙo daga Kano. Kafin a biya, a duba jerin labaran da ke gaba a gwada shi da abin da ke ciki, a kuma tabbatar shafukan ƙarshe suna nan, musamman a Skeleton Crew, wanda kaurinsa ke sa ɗaurinsa saurin ɓallewa, kuma "The Reach" da bayanan marubucin su ne a can baya inda takardu suka fi zubewa.